Tambayi Likitan Dabbobi: Karyarmu ta tsufa, duk inda ta kwanta sai ta jiƙa wurin

Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya sanyi. Dan Allah ina da tambaya amma kar ka yi min dariya, don na san wasu za su ce mace da girmanta ta rasa abin da za ta yi rubutu a kai sai kare. Muna da karya a gida sunanta Gimbiya, maigidana ne ya kawo ta tana 'yar kwikwiya yau shekara 11 kenan, ruwa biyu ce uwarta irin ta gida ubanta alseshiyan, kuma tun tana shekara biyu aka yi mata aiki aka cire mata mahaifa saboda mun gaji da 'ya'ya da karnukan unguwa da suke cika mana ƙofar gida. Gadi take mana. Gidanmu ne na ƙarshe a layi nan Bukuru, bayanmu ba komai sai fili da kududdufan da aka haƙi kuza, kuma wallahi sau biyu tana korar ɓarayi, na biyun ma maigida ba ya gari daga ni sai yara. To tun wajen ƙarshen damina na lura duk inda ta kwanta in ta tashi sai ka ga wurin sharkaf, cinyoyinta da jelarta duk a jiƙe ga zarni, alhali tunda take ba ta taɓa yi a baranda ba tana da wurinta can wajen kwata. Yara sun dake ta, nima na yi mata tsawa, na daina ba ta ruwa daga la'asar, har kemis na je aka ba ni kafso na ba ta kwana uku amma shiru kake ji. Yanzu surukata tace najasa ta cika gida, ko a kai ta daji a yar ko a sayar wa masu kwasar karnuka zuwa kasuwar karnuka ta Dawaki, maigida dai bai ce komai ba amma na san ransa ba ya so. Shin iskanci ne ta koya da tsufanta ko ciwo ne, kuma akwai magani?

Daga wata uwa a Bukuru

Wa alaikumus salam Hajiya. Ba zan yi miki dariya ba, ni da abincina ke nan, kuma in gaya miki gaskiya ba ke kaɗai ba ce, sai dai yawancin mutanenmu ba sa tambaya, ranar da abin ya ishe su sai kawai ka ji ance kare ya ɓata.

Kafin komai a ajiye bulala. Ki tara yaran yau ɗin nan ki gaya musu duk wanda ya sake taɓa Gimbiya da ke yake yi, don abin da kika kwatanta ba iskanci ba ne, ita kanta ba ta san tana yi ba. Ke kika ba ni amsar ma a cikin wasiƙarki ba ki sani ba, kin ce in ta tashi ne ake ganin wurin a jiƙe. Karen da ya lalace da gangan, ko wanda fitsari ya matse bai samu hanyar fita ba, tashi yake ya je ya tsuguna ko ya ɗaga ƙafa ya yi abinsa idonsa biyu. Wadda kuwa take barci ta farka ta tarar da kanta cikin ruwa, zubowa ya yi, kamar dai tsohon famfon da robarsa ta cinye, ki murɗa iya ƙarfinki zai ci gaba da ɗiga. In kika dake ta ba abin da za ta fahimta illa mutanen da ta yi shekara 11 tana kwana a sanyi saboda su sun juya mata baya ba dalili, kuma karen da ya tsorata fitsarin ma ƙaruwa yake.

Bari in ɗan yi miki bayanin yadda abin yake. A bakin mafitsara akwai wata tsoka mai kama da zobe wadda ke riƙe da ƙofa a rufe har sai dabba ta ga dama ta saki. A jikin mace, ƙarfin wannan tsokar yana da alaƙa da wani sinadari da ƙwan mahaifa ke samarwa, istirojin ake ce masa. In an yi wa karya aiki an cire mahaifa da ƙwayayen, sinadarin sai ya ragu, ba a ganin komai da farko, sai shekaru sun tura tsoka ta saki sannan yoyo ya fara, kuma ya fi yawa a lokacin barci don a nan ne jiki ke mutuwa gaba ɗaya. Ya fi kama manyan karnuka da masu ƙiba. Kinga Gimbiya ta cika kusan duk sharuɗɗan, mace, an mata aiki, jinin alseshiyan, shekara 11, wanda a wurin babban kare tsufa ne sosai don su tun daga shekara 7 ko 8 muke fara lissafa su cikin dattawa. Kar kuma wannan ya sa ki ce da kin sani ba a yi mata aikin ba. Aikin nan ya raba ta da ciwon da ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, wato mahaifa ta cika da mugunya, wanda ke kashe tsofaffin karnuka mata cikin 'yan kwanaki in ba a yi sauri ba. Yoyon fitsari dai ba ya kisa.

To amma fa daga nan inda nake zaune ba zan iya rantsuwa cewa shi ne ba, kuma duk wanda ya ce miki ya gano ciwon kare ta waya ba tare da an auna fitsari ba to ki riƙe kuɗinki. Akwai wasu cututtukan da suke zuwa da irin wannan rigar. Ƙwayoyin cuta na iya shiga mafitsara, sai ki ga tana yawan tsugunawa tana yin kaɗan-kaɗan, wani lokacin da jini, warin ma ya canza. Tsakuwa na iya fitowa a mafitsara. Sannan ga manyan da na fi jin tsoro a tsohon kare, ciwon suga da ciwon ƙoda, da wani ciwo da jiki ke samar da sinadarin kotisol fiye da kima, duka ukun nan abin da suke yi shi ne su sa kare shan ruwa kamar raƙumi, mafitsara ta cika ta batse cikin dare ta fi ƙarfin tsohuwar tsoka. Har magani na sa haka, irin su prednisolone da dexamethasone da ake yawan ɗirka wa karnuka saboda ƙaiƙayi, in an taɓa ba ta kwanan nan ki gaya wa likita.

Shi ya sa maganar hana ta ruwa daga la'asar ta fi dukan tayar min da hankali. Na san da kyakkyawar niyya kika yi, haka muke wa yaro mai fitsarin kwance, amma in ƙodarta ce ta fara gazawa to ruwan nan da take sha shi ke riƙe da ranta, kin hana ta kin yi gudun gara kin faɗa gidan zago. Ko da ƙodar lafiya lau take, fitsarin da ya yi kauri ya fi zarni, kuma ya fi cin fata. Ki mayar mata da ruwanta dare da rana. Abin da za ki yi maimakon hanawa shi ne ki auna. Kare mai lafiya yana shan wajen mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a wuni, in ya haura 100 to akwai magana. Mu ce Gimbiya kilo 25 ce, kinga lita ɗaya da rabi ya ishe ta, wato ledar fiya wata uku, in kuwa kika ga tana tashi da sama da leda biyar a wannan sanyin da mu kanmu sai mun tuna muke shan ruwa, to ba tsoka kaɗai ba ce. Ki zuba da safe da ma'auni, washegari ki duba abin da ya rage, ki yi haka kwana uku ki rubuta a takarda, ki tabbatar dai kaji da tumaki ba sa taya ta sha. Wannan 'yar takardar wallahi ta fi min amfani a kan dogon labarin da ake zuwa ana ba ni.

Sai ki ɗauko fitsari. Na san kin yamutsa fuska, amma ba wani abu ba ne, ki sa safar hannu ki samu murfin roba mai faɗi ko tsohon ludayin da ba za a sake miya da shi ba, da asuba in an sake ta ta je ta tsuguna sai ki zura a ƙarƙashinta a hankali, cokali uku ko huɗu ma ya isa. A juye a kwalbar da aka wanke aka ɗauraye ta bushe, mafi kyau ki karɓo irin ta awo a asibiti. Kar a zuba a robar lemo ko kwalbar zuma dan Allah, an taɓa kawo min fitsari a robar lemon kwalba, muka auna muka ga suga ya yi sama har na fara yi wa mai kare jaje, ashe ragowar lemo ne. A kai shi da wuri, cikin awa ɗaya ko biyu, in za a jima a ɗaure a leda a sa a wuri mai sanyi. Ke kam ma Allah ya taimake ki da kike Bukuru, Vom na nan kusa da ke inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924 ga kwalejin koyon kiwon lafiyar dabbobi a gefenta, a cikin gari kuma Jami'ar Jos na da asibitin koyarwa na dabbobi, ban da masu zaman kansu. Mutanen wasu jihohin sai sun yi tafiyar wuni kafin su ga abin da ke bayan gidanki. Ki tafi da ita kanta Gimbiyar ba fitsarin kaɗai ba, a taɓa cikinta a duba bayanta, in da hali a ɗebi jini a duba ƙoda da suga.

In awo ya nuna tsokar ce kawai, to albishirinki, wannan na daga cikin ciwukan tsufa da magani ke yi wa aiki sosai. Akwai phenylpropanolamine, na ruwa ko na ƙwaya, ana ba da shi sau biyu ko uku a rana, aikinsa ya ƙara wa tsokar nan ƙarfin damƙa, kuma mafi yawan karnuka cikin 'yan kwanaki zuwa sati biyu ake ganin shimfiɗa ta fara kwana a bushe. Akwai kuma estriol, ƙwaya ɗaya a rana, wanda ke mayar da ɗan abin da jiki ya rasa na sinadarin da na gaya miki, shi na matan da aka yi wa aiki ne kawai. Wani lokacin akan haɗa biyun. Abu biyu nake so ki sani tun yanzu don kar ki zo daga baya ki ce Likita bai faɗa ba, na farko ba warkewa ake ba, riƙewa ake, ranar da aka daina yoyo zai dawo don haka ki sa shi cikin lissafin cefanen wata. Na biyu shi phenylpropanolamine yana iya ɗaga hawan jini ya sa kare rashin natsuwa ko ƙin abinci, shi ya sa ba a ba mai ciwon zuciya ko ƙoda kai tsaye sai likita ya duba, kuma nauyinta ne zai faɗi adadin da za a ba ta ba ido ba. Ba kowane shago ake samunsu ba, likitan da ya rubuta shi zai san inda za a nemo. In wani ya ce miki ai akwai irinsa a cikin maganin mura na mutane ki ce masa kin gode, waɗancan a haɗe suke da wasu magungunan da za su iya illata ta.

Da na zo kan kemis bari in yi ƙorafina na kullum. Kafson da aka ba da da ka ba tare da awo ba, ba lallai ne ya kashe ƙwayoyin cutar mafitsara ba in ma su ne, yana iya koya musu yadda za su jure, ya kuma rikita mana awo in an zo. Kuma duk tausayin da za ki ji mata kar ki ba ta ibuprofen ko diclofenac, waɗannan biyun suna huda cikin kare suna kashe ƙoda, farasitamol ma ba a ba da shi da ka, kyanwa kam ƙwaya ɗaya na iya aika ta.

Yanzu sai zaman gida, wanda shi ne ainihin abin da ke haɗa ki da Mama. Ki canza mata makwanci daga baranda zuwa wani lungu da ba hanyar mutane ba ce, ba kuma kusa da inda ake alwala ko shanya ba, amma mai rufi wanda iska ba ta bugawa. Kar a ce tunda tana jiƙa wuri a bar ta kan siminti tsirara, kin san hunturun Jos ba wasa ba ne, muna kan tudu sama da mita 1,200, tsohuwar karya mai jiƙaƙƙen jiki ta kwana kan siminti a watan Disamba ai sai gaɓoɓi su riƙe. Abin da na fi ba mutane shawara shi ne a sa kafinta ya buga ɗan gado mai gajerun ƙafafu kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a ɗaure shi da raga mai ƙarfi ko buhun da ruwa ke wucewa, a ajiye faranti ko leda da ɗan yashi a ƙasa, in ya zubo sai ya wuce ƙasa ita tana sama a bushe. In ba halin wannan, a samu tsohuwar katifa a naɗe ta ruf da leda mai kauri irin ta gadon jarirai, a shimfiɗa tsohon bargo ko tawul a kai, ki shiga Katako wajen 'yan gwanjo ki kwaso guda huɗu ko biyar masu araha yadda kullum akwai na canji, ɗaya na ƙarƙashinta ɗaya na kan igiya. Sannan a riƙa fita da ita ta yi fitsari akai-akai, musamman na ƙarshe kafin a rufe gida da na farko da asuba, mafitsarar da ba komai a ciki ba ta da abin zubarwa. In tana da ƙiba a rage mata tuwo, shi kaɗai ma yana rage yoyon.

Fatar ita ce inda nake so ki fi sa ido. Fitsari in ya daɗe a jiki yana ƙona fata, cinya da gindin jela su yi ja su saluɓe, to daga nan sai ƙuda. Bara da damina wani bawan Allah ya kawo min tsohon karensa a bayan a-kori-kura, ya ce kwana biyu ba ya cin abinci kuma yana wari, ashe saboda fitsarin da yake yi ne suka ɗaure shi can bayan ɗaki inda ba mai zuwa, sai dai a miƙa masa kwano daga nesa. Da na ɗaga jelar, gashin ya dunƙule ya zama kamar tabarma, na sa almakashi na buɗe, abin da na gani a ƙasa sai da yaron da ke taya ni aiki ya fita waje, tsutsotsi ne farare cike da rami kamar an zuba shinkafa, suna motsi. Mun fi awa muna tsince su ɗaya bayan ɗaya, karen nan ko gurnani bai yi ba sai lasar hannun mai shi yake, shi kuwa mutumin ya juya baya yana goge ido da hularsa. Ya warke, amma da ana ɗaga jelar nan sau ɗaya a rana da ba a kai nan ba. Don haka ki sa a rage gashin wurin da almakashi, safe da yamma a goge da tsumma da ruwan ɗumi, a tsane sosai, a shafa baselin kaɗan ya zama katanga tsakanin fata da fitsari. Kar a shafa farin man nan na kunzugun jarirai mai sinadarin zinki, za ta lashe kuma yana ɓata musu ciki. Akwai kuma wani ƙuda da ake kira tumbu, shi a ƙasa ko tsumman da fitsari ya jiƙa yake zuba ƙwai a inuwa, tsutsar ta huda fata ta zauna ciki ta yi kamar maruru mai ɗan baki, har mutane tana shiga musamman yara, saboda haka bargunan nan a shanya su a rana tsantsa kan igiya ba a ƙasa ba, in da wuta a bi da dutsen guga.

Wajen wanke wuri kuma, ki fara kwarara ruwa da omo ki wanke fitsarin tas tukuna. Kar ki zuba Hypo kai tsaye a kan fitsari, haɗuwarsu na tayar da iska mai shaƙe numfashi da yaji a ido, in za ki sa sai bayan an ɗauraye kuma a tsarma shi da ruwa. Izal da Dettol suna ƙona tafin ƙafa da fatar da ta riga ta yi rauni, in an yi amfani da su a bari wuri ya bushe kafin ta koma. Ruwan kal da aka haɗa da ruwa rabi da rabi yana kashe zarni fiye da turaren da za ki yi ta fesawa. A riƙa sa safar hannu ana wanke hannu da sabulu, don akwai cutar da ke bin fitsarin kare da na ɓera ta kama mutum, ba don tsoratarwa na faɗa ba, kuma in allurar haukan kare ta shekara ta wuce mata a haɗa a yi ranar da kuka je.

Famfas fa? Ana yi, har na jarirai ana hudawa a fitar da jela, amma ni ban cika so a wurin karen da ke kwana a waje ba, don sai an canza duk bayan awa uku ko huɗu, in aka bar shi ya kwana to gara ma ba a sa ba, kin ɗaure mata fitsarin a jiki kenan.

Maganar Mama kuwa, kar ki yi jayayya da ita don tana da gaskiyarta. Ni ba malami ba ne amma abin da muka tashi muka ji a wurin malamanmu na Malikiyya shi ne jikin kare mai rai ba najasa ba ne, fitsarinsa da kashinsa kam najasa ne, kuma najasa ruwa ke kawar da ita. Kinga in an ware mata lungunta, an ware bokitinta da tsintsiyarta da igiyar shanyarta, mai wankewa na da zanen aikinsa daban da na salla, to an kashe bakin maganar. Ki kuma tuna mata cikin ladabi, ba da sigar wa'azi ba, hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, ai ta fi ki saninsa. Tsofaffi in an bi su a hankali sun fi kowa gane ciwon tsufa, abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe, ni dai ban ce ki faɗa mata wannan ba. Zancen kai ta daji a yar shi ne ban yarda da shi ba sam, karen gida mai shekara 11 ba ya iya farauta, yunwa ce za ta kashe ta a hankali ko mota ta take ta tana neman hanyar komawa gidanku, don wallahi za ta nema. Dawaki kuma kasuwa ce ta mutane da sana'arsu can Kanke ban da abin cewa a kansu, amma ke da bakinki kika ce ita ta tsaya muku daren da maigida ba ya nan. Shirun da yake yi ma inaga jira yake wani ya fara cewa a kai ta asibiti, ki nuna masa wannan shafin.

Tambaya ta biyu a taƙaice, daga wani ɗan'uwa a Rikkos. Ya ce nasa namiji ne alseshiyan shekara 10, ba fitsari ba ne matsalarsa, kashi ne ke faɗo masa yana tafe ko yana kwance, kuma ya fara jan ƙafafun baya har faratan sun goge.

Malam, naka ya bambanta da na Hajiya kuma ba zan ɓoye maka ba ya fi nauyi. Jan ƙafa da gogewar farata tare da kashin da ke fita ba saninsa suna nuna saƙo ne ba ya isa daga laka zuwa bayan jiki, ko dai wani abu ya danne jijiya a ƙashin baya wajen ƙugu, ko kuma lakar ce kanta ke lalacewa a hankali, ciwon da aka san alseshiyan da shi in sun tsufa. Ka gwada wannan, yana tsaye ka lanƙwasa tafin ƙafarsa ta baya ka ajiye ta a kan bayan yatsun, mai lafiya nan take zai gyara, in ya bar ta haka kamar bai ji ba to jijiya ce. A kai shi a ɗauki hoton baya, don in dannewa ce ko amosanin gaɓɓai akwai magungunan rage zafi na karnuka da ke sa ya ji daɗin tashi, in kuwa lalacewar laka ce babu maganin da ke tsayar da ita, sai dai kula. Ka mayar da abincinsa sau biyu a ƙayyadadden lokaci, ka daina ba shi ragowar miya mai mai da yaji da ƙasusuwa yadda kashin zai yi tauri a iya ɗauka da leda, ka fita da shi kamar minti 20 zuwa 30 bayan ya ci, in ƙafafun na rawa ka zura tawul ta ƙarƙashin cikinsa ka riƙe bakin biyu ka tallafa masa. Shimfiɗa buhu ko tsohon kafet a inda yake bi saboda santsin tayil. Ka kuma lura da fitsarinsa, tsohon namijin da ba a dandaƙe ba wata 'yar ƙaba da ke wuyan mafitsararsa kan kumbura ta matse hanya, duk ranar da ka ga yana yunƙuri fitsari ba ya fita ko sai ɗigo-ɗigo ciki ya yi tauri, wannan ba a kwana da shi, ko tsakar dare ne a nemi likita.

Ka tambaya a ƙarshen saƙonka ko lokaci ya yi da za a hutar da shi. Muddin yana cin abinci, yana kaɗa jela in ka shigo, yana iya tashi ko da da taimako, ni ban ga dalili ba. Ranar da ya daina tashi gaba ɗaya, gyambo ya fara fita a ƙugu, yana kuka cikin dare magani ba ya yi, to ka zo mu zauna da kai, akwai allurar da likita ke yi ba tare da ya wahala ba, kuma ka tambayi malaminka hankalinka ya kwanta. Guba ko maganin ɓera dai kar ka bari kowa ya kawo maka shawararsa. Ka turo min sakamakon gwajin ƙafar nan da nauyinsa, sai mu ɗora daga nan a fitowa ta gaba.